Filin Koyon Sana'a: Yadda Sabon Kafinta Zai Zaɓi Kayan Aikinsa

Darasinmu na wannan wata ya samo asali ne daga wata wasiƙa da wani ɗalibin ajin yaƙi da jahilci ya aiko mana daga ƙasar Shanga, kuma da hannunsa ya rubuta ta. Ya ce shekararsa biyu ke nan yana koyon aikin kafinta wurin wani maigida a Yelwa, ga shi an kusa yaye shi. Mahaifinsa ya sayar da albasar da ya noma da tumaki biyu, ya danƙa masa kuɗin ya ce ya sayi kayan aiki. Da ya shiga kasuwa ya ga kaya iri-iri suna ta walƙiya, sai kansa ya ɗaure, ya komo gida da kuɗinsa a aljihu. Tambayarsa ita ce: me zai fara saye, kuma yaya zai gane mai kyau?

Wannan yaro ya yi dabara da bai yi gaggawa ba, domin matambayi ba ya ɓata. Amsarmu a taƙaice ita ce: ka sayi kaya kaɗan masu ƙarfe na ƙwarai, waɗanda za su wasu idan sun dakushe, ka kuma koyi wasa su da kanka. Sauran darasin bayani ne a kan wannan magana.

Me ya sa darasin ya shafe mu?

Tun da aka gama gina madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya rufe tsibirai da garuruwa da yawa, aka tayar da mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Tafkin da ya samu ya miƙe fiye da kilomita 130, daga madatsar har zuwa wajen Yelwa. Mutanen Yauri da Ngaski da Shanga, Gungawa da Kambari da Sarkawa da Hausawa, rayuwarsu a haɗe take da ruwan nan. A kansa ake kamun kifi, a kansa ake kai albasa da shinkafa kasuwa, a kansa ake zuwa biki da ta'aziyya.

A da, masassaƙi kan sami gungumen itace guda ya fafe shi da gizago ya zama kwale-kwale. Yanzu manyan itatuwa sun yi wuya, saboda haka yawancin jiragen da ke kan tafki da katako ake haɗa su, falle-falle. Duk inda katako biyu suka haɗu, dole bakunansu su zauna daram, in ba haka ba ruwa zai sami hanya. Ba mu manta da ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, da wani jirgi ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150, ya nutse kusa da Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski, waɗanda suka tsira 'yan kaɗan ne. Hukumomi sun ambaci lodi fiye da kima cikin dalilan hatsarin. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mun kawo wannan ne domin sabon kafinta ya san cewa a ƙasarmu rayukan jama'a na hawa kan katako, aikinsa kuwa amana ne.

Ban da jirgi, ga ƙofa da taga, ga bencin makaranta da allo, ga gadon amarya, ga amalanke, ga filafili. Aiki yana nan, sai dai a sami hannu mai kyau. Kuma ko da yake muna bakin tafkin da ke ba ƙasa wutar lantarki, ba kowane ƙauye ke da ita ba, inda take ma ba kullum take zama ba. Saboda haka kayan aikin hannu su ne tushen sana'ar, ko da daga baya mutum ya sami halin sayen inji.

Bi tsarin aiki wajen saye

Kowane aikin katako yana bin matakai huɗu: a auna a zana, a yanka, a goge, sa'an nan a haɗa. Akwai na biyar da ke riƙe da su duka, watau wasa kayan aiki. Idan ka sayi abu ɗaya ko biyu masu kyau na kowane mataki, ka isa buɗe wurin aiki. Wanda ya zuba kuɗinsa duka a mataki ɗaya, alal misali ya sayi zarto uku ba shi da abin awo, kullum yana ƙofar maƙwabci yana aro.

Mataki na ɗaya: awo da zane

Kana bukatar tef na awo, da sukwaya, da fensir. Sayi tef mai tsawon mita 5, wanda ke da inci a gefe ɗaya da santimita a ɗaya gefen, domin da inci da ƙafa ake cinikin katako a kasuwanninmu. Ka tuna inci 12 ne ƙafa 1, kuma inci 1 ya ɗan ɗara santimita 2 da rabi. Idan ka ji an ce katako 1 x 12 x 12, ana nufin kaurinsa inci 1, faɗinsa inci 12, tsawonsa ƙafa 12. Amma kada ka dogara ga suna, sa tef ka auna, domin sau da yawa yankan ba ya cika. Ɗan ƙarfen da ke bakin tef yakan yi motsi kaɗan. Wannan ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi shi haka domin awon ciki da na waje su zo daidai. Kada ka doke shi da guduma.

Sukwaya ita ce ke nuna maka kusurwa ta tsaya daidai, kamar kusurwar littafi. Kafin ka biya, gwada ta. Sami katako mai miƙaƙƙen baki, ka jingina ta ka ja layi, sa'an nan ka juya ta ɗaya ɓangaren ka sake jan layi a wuri guda. Idan layukan biyu sun hau kan juna, sukwayar gaskiya take faɗa. Idan sun buɗe kamar almakashi, ajiye ta, domin duk ƙofar da ka yi da ita a karkace za ta fito.

A nan ne karatunka zai biya ka. Kafintan da ya iya karanta lambobi da rubuta awo a littafi ba ya ɓata katakon mutane, ba ya kuma komawa gidan mai aiki sau uku yana sake auna taga.

Mataki na biyu: zarto

Zarto iri biyu ne. Akwai na tsaga katako a tsaye, mai manyan haƙora, kamar 5 ko 6 a kowane inci. Akwai na yanke katako a gicciye, mai ƙananan haƙora, kamar 8 zuwa 10 a inci. Idan kuɗinka na ɗaya ne kawai, ɗauki mai haƙora 7 ko 8 a inci, mai tsawon inci 22 ko 24. Zai yi maka aikin biyun daidai gwargwado.

Ga abin lura mai muhimmanci. Akwai zarton da aka ƙona bakin haƙoransa suka yi baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi. Irin wannan yana da kaifi ƙwarai yana sabo, amma magagari ba ya cin sa, ranar da ya dakushe ya gama aiki. Wanda haƙoransa suke launi ɗaya da jikinsa kuwa, za ka yi ta wasa shi da magagari mai kusurwa uku shekara da shekaru. Ga mutumin da ke nesa da babbar kasuwa, na biyun ya fi riba. Ɗaga zarton ka hanga daga mariƙi zuwa ƙarshe, ka ga ko a miƙe yake. Ɗan lanƙwasa shi ka saki, mai kyau nan take yake komawa yadda yake.

Mataki na uku: magogin katako

Wannan shi ne abin da kafintoci suka fi kira filen, kuma a nan za mu daɗe, domin shi ya fi tsada, a wurinsa kuma aka fi cutar sabon shiga. Aikinsa uku ne: ya rage kaurin katako, ya miƙar da shi, ya sa shi sumul. Gizago yana sassaƙa, samfefa tana goge ƙaiƙayi, amma babu mai miƙar da bakin katako har biyu su haɗu ba rata sai filen.

Filen iri biyu ne, na itace da na ƙarfe. Na itace ya riga na ƙarfe daɗewa, kuma gwanin kafinta na iya yin nasa da busasshen itace mai tauri, ya sayi wuƙar kawai. Ba shi da nauyi, jikinsa ba ya tsatsa, amma saita shi da ɗan bugun guduma ake yi, sai hannu ya saba. Na ƙarfe irin wanda muke gani yau, wani mutumin Amurka mai suna Leonard Bailey ne ya tsara shi, kamfanin Stanley ya sayi fasaharsa a 1869. Daga baya kamfanin Record na garin Sheffield a Ingila da wasu kamfanoni na Indiya da Sin suka bi wannan tsari da lambobinsa. Shi ya sa ko wace ƙasa ta ƙera filen, za ka ga lamba a jikinsa, lambar kuwa tsawonsa take nunawa.

Lamba 4, tsawonsa kamar inci 9. Gajere ne, aikinsa gogewar ƙarshe, ya sa fuskar tebur ta yi santsi. Saboda gajartarsa yakan bi tudu da kwarin katako, ba ya miƙar da dogon baki da kyau.

Lamba 5, tsawonsa inci 14, faɗin wuƙarsa inci 2. Shi ne ɗan aike mai zuwa ko'ina. Yana rage kauri, yana miƙarwa, idan aka saita shi da kyau kuma yana gogewar ƙarshe.

Lamba 6 inci 18 ne, lamba 7 kuwa inci 22. Waɗannan dogaye aikinsu miƙar da bakin dogon katako. Dalili shi ne, dogon filen ba ya faɗawa cikin kwari, tudun kawai yake ci har sai wurin ya daidaita, kamar yadda dogon jirgi ke ratsa ƙananan igiyoyin ruwa ba ya tangaɗi, ƙaramin kwale-kwale kuwa yana hawa yana sauka.

Shawararmu ga sabon kafinta ita ce ya fara da lamba 5 guda ɗaya. Idan aiki ya kankama, mai yin kayan ɗaki ya ƙara lamba 4, mai haɗa jirgi ko manyan ƙofofi ya ƙara lamba 6 ko 7. Akwai kuma wani ɗan ƙarami mai mariƙi biyu, dama da hagu, da ake goge abu mai lanƙwasa da shi, kamar filafili da ƙafar kujera. Ba shi da tsada, yana kuma da amfani a bakin ruwa, amma ya jira sai an sami babban.

Yadda za ka duba filen kafin ka biya

Je kasuwa da abu uku: rula ta ƙarfe, guntun katako, da maigidanka ko wani wanda ya daɗe a sana'ar. Sa'an nan ka bi waɗannan matakai.

Na ɗaya, mayar da wuƙar ciki, ka kifa filen, ka ɗora rula a ƙasansa ka ɗaga wajen haske. Wuri uku dole su taɓa rular: gaba, da daidai gaban bakin da wuƙa ke fitowa, da baya. Idan ƙasan ya gantsare ko ya murɗe, har abada ba zai miƙar da katako ba.

Na biyu, nemi tsaga. Jikin filen ƙarfen zubi ne, idan ya faɗi a kan siminti yakan tsage, musamman a gefen baki. Wanda ya tsage ko aka yi masa walda, bar shi ko da kyauta ne.

Na uku, cire wuƙar ka duba bayanta, watau ɓangaren da yake shimfiɗe. Tsatsa ta sama-sama ba komai ba ce, dutse zai ɗauke ta. Amma tsatsar da ta yi ramuka kusa da baki tana hana kaifi. Idan tsohon filen ne, duba ko wuƙar na da sauran tsawo, ko an cinye ta da wasawa.

Na huɗu, a kan wuƙar akwai wani ƙarfe na biyu da ke kwance, aikinsa ya karya ɓawon katako yana fitowa. Dole bakinsa ya zauna a kan wuƙar ba rata. Idan da rata, ɓawo zai riƙa cushewa, filen ya shaƙe.

Na biyar, murza ɗan gargaren da ke bayan wuƙa ka ga tana fita tana komawa, ka kuma tura ɗan dogon ƙarfen da ke sama dama da hagu ka ga tana karkata. Girgiza mazaunin wuƙar, kada ya yi motsi.

Na shida, gwada shi a guntun katakonka.

Mariƙin da ya karye ko ya yi sako-sako kada ya hana ka saye, kai kafinta ne, za ka yi wani. Haka kuma kada fenti da kwali su ruɗe ka. Akwai jabu da ake buga wa sunan manyan kamfanoni, ƙarfensu ba ya riƙe kaifi, ana wasawa yana mutuwa. Araha ba ta ado. Sau da yawa tsohon filen na gwanjo, ko wanda wani dattijon kafinta ya ajiye aiki ya bari, ya fi sabo mai walƙiya nesa ba kusa ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mataki na huɗu: haɗawa

Kana bukatar guduma mai ƙaho biyu na cire ƙusa, mai nauyin kamar giram 450. Duba ƙotar ta zauna da kyau, ba tsaga. Kana bukatar cizal, watau ƙarfen da ake sare gurbi da shi a jikin katako. Ba sai ka sayi jeri guda ba, uku sun isa: mai faɗin kwatan inci, da rabin inci, da inci ɗaya. Kada ka doki cizal mai ƙotar itace da gudumar ƙarfe, za ta farfashe. Yi wa kanka gudumar itace da ƙirya ko marke, ba sai ka saya ba. Ƙara da mahujin hannu da bakinsa biyu ko uku, da sukudireba, da filaya.

Kada ka raina maƙeran garinku. Gizago da gatari da babban cizal na saran gurbi, maƙeri gwani yana ƙera su da tsohon sifirin na mota, ƙarfe ne mai kyau, kuma idan sun lalace ga mai gyara kusa. Teburin aiki, da dokin ɗora katako, da akwatin kaya, duk aikin hannunka ne. Su ne ma jarrabawarka ta farko, domin mai kawo aiki yakan dubi teburin kafinta kafin ya dubi bakinsa.

Dutsen wasawa, uban kayan aiki

Da za a ce mu zaɓi abin da za a fara saye kafin komai, da dutsen wasawa muka zaɓa. Filen mai tsada da dakusasshiyar wuƙa bai kai mai araha da aka wasa da kyau ba. Sayi dutse mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi, ɗaya mai laushi, tsawonsa kamar inci 8, ka yi masa ɗan akwati na katako.

Ga yadda ake wasa wuƙar filen da cizal. Ɗiga ɗan mai marar kauri a kan dutse, irin na keken ɗinki. Fara da bayan wuƙar, ka kwantar da shi shimfiɗe ka goga har wajen baki ya yi haske. Wannan sau ɗaya ake yinsa sosai, ran da aka sayo ta. Sa'an nan ka juya wajen gangaren baki. Gangaren da ake so shi ne digiri 25 zuwa 30. Idan ba ka da abin auna digiri, ga dabara: tsawon gangaren ya ninka kaurin wuƙar sau biyu zuwa biyu da rabi. Riƙe hannunka wuri ɗaya ka yi ta kai da komowa, kana bin dutsen duka don kada tsakiyarsa ta yi rami. Za ka ji wani ɗan siririn ƙarfe kamar zare ya taso a bayan baki. Wannan ita ce alamar kaifi ya kai. Juya ka kwantar da bayan, ka goga sau biyu ko uku zaren ya fita, ka ƙarasa a kan guntun fata.

Idan ka kai wa mai injin wasa wuƙa, ka tsaya a kansa, a riƙa tsoma ta cikin ruwa. Da zarar bakin ya yi shuɗi, wuta ta kashe ƙarfen, wurin ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye shi.

Saita filen da fara aiki

Ɗaura ƙarfe na biyu a kan wuƙa, ka bar tazarar kamar milimita 1 tsakanin bakinsa da bakin wuƙar. Mayar da su mazauninsu, gangaren wuƙar yana duban ƙasa, ka kulle. Kifa filen ka hanga ta gaba, ka murza gargaren har ka ga wuƙar ta leƙo kamar silin gashi, kuma ta leƙo daidai daga dama har hagu. Kuskuren sabon shiga shi ne fito da wuƙa da yawa don ya gama da wuri, sai filen ya riƙa cijewa yana yagar katako. Ɓawo siriri mai naɗewa shi ne shaidar an saita daidai.

Katako yana da kwanciya kamar gashin akuya. Idan ka shafa ta inda gashin ya kwanta sai ka ji sumul, idan ka bi ta baya sai ya tashi. In ka ga filen na yaga, juya katakon ka biyo ta ɗaya ƙarshen. Maɗaci da kawo suna da tauri, kwanciyarsu kuma takan sarƙe, suna son wuƙa mai kaifi sosai da ci kaɗan-kaɗan. Farin katako mai laushi shi ya fi dacewa da koyo. A farkon turawa danna gaban filen, a ƙarshe danna bayansa, don kada bakin katakon ya zama kamar bayan kunkuru. Ɗan goga kyandir ko kakin zuma a ƙasan filen yana sa shi gudu.

Idan ka goge bakin katako biyu da za a haɗa, ɗora ɗaya a kan ɗaya ka duba wajen haske. In haske ya ratsa, ruwa ma zai ratsa. Auduga da kwalta da ake cusawa a haɗin jirgi taimako ne, ba su gyara haɗin da bai zauna ba. Kada kuma ka yi aiki da ɗanyen katako, domin idan ya bushe zai tsuke, haɗin ya buɗe, ƙofar ta murɗe, sunanka ya ɓaci.

Abokan gaba uku a bakin tafki

Na farko yashi ne. Katakon da aka jibge a bakin ruwa yana ɗauke da yashi, turawa biyu ta isa ta kashe kaifin da ka ɓata rabin sa'a kana nema. Share katako sosai kafin ka ɗora masa filen. Na biyu tsohuwar ƙusa ce, musamman a katakon tsohon jirgi da ake sake amfani da shi. Bincika ka cire ta, in ba haka ba za ta ɓantare bakin wuƙa. Na uku tsatsa ce. Damina da raɓar bakin ruwa suna cin ƙarfe cikin kwana kaɗan. Kowace yamma ka goge kayanka da tsumma mai ɗan mai, ka mayar da wuƙar filen ciki, ka sa su a akwati, ka ɗora akwatin a kan wani abu kada ya zauna a ƙasa. Da hunturu kuma ƙota kan bushe ta yi sako-sako, sai ka buga mata 'yar tsinke ta itace ta matse.

Ka kiyaye jikinka. Hannunka biyu su kasance a bayan bakin cizal, kada ɗaya ya tsaya a gabansa. Kada ka bar katako mai ƙusa a ƙasa inda yara ke wucewa. Idan tsohuwar ƙusa ta soke ka, wanke wurin da sabulu ka je asibiti a yi maka allura, kada ka tsaya jiran gobe.

Kuɗin da ya rage

Muna ba ɗalibinmu na Shanga shawara kada ya kashe kuɗin mahaifinsa duka a kan kayan aiki. Ya raba uku: kashi biyu na kaya, kashi ɗaya na katako da ƙusa da gam na aikin farko. Ya sami littafi ya rubuta kowane abu da ya saya, da kuɗinsa, da ranar. Kowane aiki ya gama, ya ware wani abu na ƙaro kaya, kuma kada ya sayi sabon abu sai aikin da ke hannunsa ya nemi abin. Ya fara da benci da tebur da taga da filafili. Aikin jirgin da zai ɗauki mutane kuwa, kada ya karɓe shi shi kaɗai sai ya yi shekaru a ƙarƙashin gwanin wannan fanni. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga jerin kayan farko domin a kwafa a littafi: dutsen wasawa 1, magagari mai kusurwa uku 1, tef 1, sukwaya 1, fensir 2, zarto 1, filen lamba 5 guda 1, guduma 1, cizal 3, mahuji 1, sukudireba 1, filaya 1.

Tambayoyi

1. Faɗi matakai huɗu na aikin katako, da na biyar da ke riƙe da su.
2. Inci nawa ne a ƙafa 1? Katako mai ƙafa 12, inci nawa ke nan?
3. Yaya ake gwada sukwaya a kasuwa?
4. Wane irin zarto ne ba ya wasuwa, kuma yaya ake gane shi?
5. Me ya sa aka ce a fara da filen lamba 5?
6. Faɗi abu uku da za su sa ka ƙi sayen tsohon filen, da abu ɗaya da ba zai hana ka saye ba.
7. Mece ce alamar kaifi ya kai idan ana wasa wuƙa?

Aikin gida

Malaman azuzuwa su nemi aron tef daga kafintan gari. Kowane ɗalibi ya auna ƙofar ɗakinsa, tsawo da faɗi, da inci da santimita, ya rubuta a littafinsa ya kawo aji. Inda hali ya yi, a gayyaci kafintan ya zo da filen ɗinsa ya kwance shi gaban 'yan aji, ya nuna musu sassan da muka ambata.

A fitowa ta gaba, in Allah ya yarda, za mu yi bayani a kan yadda ake zaɓen katako da busar da shi. Masu tambaya su ci gaba da aiko da wasiƙunsu ta hannun malaman azuzuwansu ko jami'in yaƙi da jahilci na ƙaramar hukumarsu. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kiyaye matafiyanmu na ruwa da na tudu, amin.